Yaƙi da Gidan Wankan Kinu

A unguwarmu ta bakin kogi, cikin birnin Okayama, Kinu Horiuchi ce mai gidan wanka. A wancan zamani talaka ba shi da wurin wanka a gidansa. Da yamma kowa zai ɗauki tawul da guntun sabulunsa ya nufi gidan Horiuchi, ya cuɗa jikinsa a gefe, sannan ya tsunduma cikin kwamin ruwan zafi tare da maƙwabta har gajiya ta sake shi. Maza da ɓangarensu, mata da nasu, a bakin ƙofa kuma akwai wata doguwar kujera wadda mai zama a kanta yake hango ɓangarorin biyu. A kan kujerar nan Kinu ta yi furfura.

'Yar masunta ce daga wani ƙaramin tsibiri, gajera, mai faɗin kafaɗa, da murya irin ta wadda ta saba kiran mutum daga wani kwalekwale zuwa wani. Da aka kawo ta gidan aure, ta tarar da miji mai suna Tokuji, mutumin da bai taɓa musu da kowa ba. Ko me ka faɗa masa, zai ɗan karkata kai ya ce, "To, ai kuwa akwai alamar haka." Sana'arsa ta gaskiya ita ce kula da tsuntsayensa na cikin keji. Kinu ba ta daɗe ba ta gane cewa in ana son ruwa ya yi zafi a gidan nan, sai ta tsaya da ƙafarta. Cikin 'ya'yan da ta haifa, namiji ɗaya ne ya rayu, Rikio, kuma da ya tasa shi ya karɓi aikin murhu, wato ciyar da wutar da ke dafa ruwan. Ƙato ne marar yawan magana, yana iya aikin mutum biyu.

Da aka fara yaƙi da ƙasar Sin, abin bai dame ta ba. Can nesa ake yi, nan kuwa sai tutoci da waƙoƙi. Amma ana shiga babban yaƙi da Amurka, jar takardar kiran soja ta zo wa Rikio, alhali bai ko shekara da aure ba.

Ranar rakiya, Ogura ne ya yi jawabi. Shi Ogura mai gyaran laima ne a bakin titi, siriri, mai ƙwanƙwasar gwiwa, wanda aka naɗa shugaban ƙungiyar maƙwabta saboda babu wanda yake son aikin. Tun daga ranar ya ɗinka kaki, ya rataya usur a wuya. Ya hau kan akwati ya yi ta bayani a kan darajar mutuwa saboda ƙasa, da irin alfaharin da ya kamata uwa ta yi. Da ya gama, ya juyo ga Kinu don ta ce wani abu.

Ta ce, "To, yanzu wa zai hura mini wuta?"

Ogura ya sauko da sauri ya matso kusa da ita. "Uwar gida, irin wannan magana a bainar jama'a? In 'yan sanda suka ji fa?"

"Su ma 'yan sandan a nan suke wanka, Ogura-san. Tambaya na yi."

Ba ta yi kuka a tashar jirgin ƙasa ba, don an hana. Da suka dawo gida, ta shiga ɗakin murhu ta rufe ƙofa, ta daɗe a ciki. Ta fito idonta jawur, ta ce hayaƙi ne.

Tokuji ya gwada aikin murhu. Bai cika mako ba bayansa ya riƙe, ya koma tabarma yana nishi, tsuntsayensa na taya shi. Sai ga Setsu, matar Rikio, ta ɗaure kai da tsumma ta ce ita za ta yi. 'Yar tela ce, fara, mai laushin hannu, wadda Kinu ta sha cewa iska mai ƙarfi za ta iya ɗauke ta.

"Ke? Shebur ɗin ma ya fi ki nauyi."

"Inna, in ban yi ba wa zai yi?"

Kinu ta yi tsaki. Watanni suka yi tana tsaye a kan yarinyar tana faɗa: kin cika zuba kwal, kin toshe iska, wannan wuta ce ko fitila? Hannun Setsu ya yi kanta, girarta ta babbake, amma ruwa ya ci gaba da zafi.

Daga nan yaƙi ya fara shigowa gidan yana ɗaukar abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana Kinu ta dawo daga layin karɓar kason shinkafa, ta tarar an kwance famfunan tagulla na ɓangaren maza da na mata, an kwashe bokitan ƙarfe, har da ƙugiyoyin rataye kaya. Tokuji na zaune yana murmushi.

"Ina famfuna?"

"Ogura-san ne ya zo da mutanen gwamnati. Ana tara ƙarfe don ƙera jiragen yaƙi. Sun yaba mana ƙwarai."

"Sun ce dole ne?"

"To, ba su kai ga faɗin haka ba tukuna. Na ga dai gara mu riga kowa."

"Ka riga kowa! Maigida, gidan wanka babu famfo? Da baki za mu riƙa watsa musu ruwan?"

Ya karkata kai. "Ai kuwa akwai wannan matsalar."

Da gora ta maye gurbinsu, ta sassaƙa matosai na katako. Suna yoyo dare da rana. Bayan wata biyu ta bi ta bayan ofishin unguwa, ta hango famfunanta a cikin tarin tukwane da ƙarafunan gado, ruwan sama na dukansu, ciyawa ta fito ta tsakaninsu. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta wuce tana magana ita kaɗai har gida.

Kwal ya yi wuya, daga baya ya ɓace gaba ɗaya. Kinu ta samo amalanke, ta shiga yawon masana'antun katako tana roƙon dusar zarto da ɓawon itace. In ba ta samu ba, ta bi bakin kogi tana tsintar abin da ruwa ya kawo. Ta ƙona tsofaffin tabarmi, ta ƙona karyayyun takalman katako, ta ƙona shingen bayan gida. Duk da haka dole ta koma buɗewa sau ɗaya a kwana uku, kuma ranar da aka buɗe, unguwa kaf take zuwa, har da baƙin da aka kawo aiki a masana'antar jirage. Mutane su cika kwami a tsaye kamar kifi a gwangwani. Sabulun da gwamnati ke rabawa rabinsa yumɓu ne, ba ya kumfa. Kafin rana ta faɗi, ruwan ya koma kalar miyar wake, ƙwarƙwata na yawo a kan tabarmin tuɓe kaya, ƙazuwa na bin yara gida gida.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne sata. Shekarunta masu yawa a kan kujerar nan ba a taɓa ɗaukar ko tsinke ba. Yanzu mutum zai shigo da fasasshen takalmi, ya fita da na kirki. Za a shigo da tsumma, a fita da rigar wani. Mutane suka fara ƙulle kayansu a ka suna shiga ruwa da su. Wata rana ta kama matar mai sayar da kifi, wadda suka yi shekaru suna gaisawa, tana zura ƙafa cikin takalman wata.

"Ajiye su."

"Af, ashe ba nawa ba ne? Sun yi kama."

"Naki ga su can, hagu biyu ne, kuma ni na san inda kika samo na biyun."

Matar ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Yaya, 'yata ce ke tafiya masana'anta ba takalmi."

Kinu ta dubi ƙafar matar. Ta miƙa hannu ƙarƙashin kujera ta ciro takalmanta na zuwa unguwa ta tura mata. "Ɗauki ki ɓace mini da gani. In kika faɗa wa wani, ba ke ba wanka a nan." Ranar duk wanda ya gaishe ta sai da ya sha faɗa.

Shi kuwa Ogura, kamar da gangan, ba ya kiran atisayen kashe gobara sai ranar da ta samu itace ta hura wuta. Usur zai tashi, mata su fito cikin wandunan aiki su yi layi, ana miƙa bokiti hannu da hannu ana watsa ruwa a kan wani jan ƙyalle da aka ɗaure a sanda. Bokitan kuwa na katako ne, na gidan wanka, don babu wasu a unguwar. Suna dawowa a fashe. Daga baya aka ƙaro da atisayen mashi na gora, tsofaffin mata na ihu suna sukar mutum-mutumin ciyawa.

"Uwar gida, ƙara ƙarfi! Maƙiyi ne a gabanki!"

Kinu ta dogara mashin gorar a ƙasa. "Ogura-san, shi maƙiyin ta sama na ji yana zuwa. Tsani za ku ba mu?"

Mata suka ƙunshe dariya. Ogura ya kumbura, ya ce zai kai sunanta gaba.

"Kai mana. Amma ka daina buɗe mini ƙirji. Shekara nawa ina ganin ka ba riga? Na san abin da ke cikin kakin nan."

Bai kai sunan ba. Ya yi makonni yana zuwa wanka a wata unguwa, sai da sanyi ya shigo sannan ya dawo, yana kauce wa idonta.

Jiniyar gargaɗi kuwa ta zama wata azaba. Sai ruwa ya yi zafi, an cika kwami, ta ɗauki kuka. Doka ta ce a kashe wuta nan take, kada hayaƙin bututu ya nuna wa jirage gari. Setsu za ta watsa wa wutar yashi tana hawaye, mutane su fito da gudu, wani da tawul kawai, wata da jariri a hannu da kumfa a ka, a dunguma ramin ɓuya a zauna ana rawar ɗari. Can a ce jirgin leƙen asiri ne guda ɗaya, ya wuce. A dawo a tarar ruwa ya huce, itacen kwana uku ya tafi a banza.

A farkon bazarar shekarar ƙarshe ta yaƙin, umarni ya zo cewa a rushe wasu layukan gidaje, a bar fili tsakanin unguwanni don kada gobara ta riƙa tsallakawa. Jami'ai suka zo da alli suna yi wa ƙofofi alama. Kinu ta tsaya a bakin ƙofarta hannu a ƙugu tana jira. Suka wuce ta. Layin da aka zaɓa shi ne na bakin titi, kuma gida na uku a layin shi ne na Ogura, da shagon laimarsa, gidan da kakansa ya gina.

An ba su 'yan kwanaki su kwashe kaya. Ranar rushewa, shi ne shugaba, don haka shi ya busa usur. Aka yanka ginshiƙai da zarto, aka ɗaura igiya, mata da tsofaffi suka kama. Ogura ya tsaya yana ba da umarni, "Ku ja! Ku ƙara ja!" har gidansa ya durƙusa, ƙura ta tashi. Matarsa ta zauna a kan ƙunshin kaya ta rufe fuska.

Da yamma Kinu ta ji ƙarar amalanke a ƙofar baya. Ogura ne, ba hula, yana jan katakon gidansa.

"An ce a kai wa sojoji manyan ginshiƙan. Waɗannan ƙanana ne, babu mai tambaya. Busassu ne, za su ci wuta."

Kinu ta dubi katakon, ta dube shi. Ta ce, "A ina za ku kwana?"

"Ƙanwar matata ta ba mu lungu."

"Wannan mai baƙin halin? Ku zo ɗakin Rikio, Setsu a wurina take kwana, babu kowa a ciki. Amma usur ɗin nan ba zai shigo mini gida ba."

Washegari ruwa ya yi zafin da aka daɗe ba a ji irinsa ba. Ogura ne ya fara shiga. Ya zauna cikin kwami ruwa har wuya, ya ɗora tawul a fuska, ya daɗe bai cire ba. Mazan da suka shigo bayansa suka zauna nesa da shi.

Filin da aka share bai hana komai ba. A ƙarshen watan Yuni jirage suka zo kafin gari ya waye, kuma jiniyar nan da ta sha fitar da mutane tsirara saboda jirgi ɗaya, ranar ba ta yi kuka ba. Har ta mutu Kinu ba ta daina maimaita wannan ba. Sun tsira ne don ta ja su zuwa kogi maimakon ramin ɓuya, ita da Setsu suna riƙe da Tokuji, suka tsaya cikin ruwa da jiƙaƙƙun barguna a ka. Ogura ya koma busa wa mutane usur su fito daga ramuka kafin wuta ta rufe su, ya fitar da da yawa, ya kuma ƙone a hannu da gefen fuska. Matar mai kifi da 'yarta ba su fito ba.

Da rana ta ɗaga suka koma. Unguwa ta zama toka har iyakar ganin ido. A inda gidan wanka yake, bututun hayaƙi na tsaye, kwami biyu na nan da tayil ɗinsu ya yi baƙi, tukunyar ƙarfe ta murhu ko lotsawa ba ta yi ba. Tokuji ya tsuguna inda kejin tsuntsayensa yake, yana tona toka da yatsa. Kinu ta zagaya tukunyar, ta ƙwanƙwasa ta, ta leƙa rijiya.

"Setsu, nemo abin ɗiban ruwa."

"Inna, yanzu? Babu bango fa, babu rufi."

"Dubi mutanen nan. Tun asuba suke ɗaukar gawa. Haka za su kwanta?"

Itace dai yanzu ba a rasa shi, rabin gari ya zama guntayen gawayi. Kwana biyu suka yi suna kwashe toka, suka kafa ƙonannun kwanon rufi a tsakiya don raba maza da mata. Mutane suka yi layi, baƙi ƙirin, ba a gane kowa sai ya yi magana. Kinu ta zauna a kan wata ganga tana faɗa kamar kullum: a cuɗa jiki kafin a shiga, kada a daɗe, mai ƙuna ya tsaya a gefe a zuba masa mai ɗumi. Ba ta karɓi ko sisin kowa ba, kuma duk wanda ya tsaya godiya sai ta ce ya matsa yana tare hanya.

Ranar da aka sanar a rediyo cewa yaƙi ya ƙare, tana can bakin kogi da amalanke. Da ta dawo ta tarar da mutane a durƙushe suna kuka, ta tambayi Setsu abin da ya faru.

"An ce mun sha kashi, Inna. An daina."

Kinu ta ajiye amalanken. "An daina? Haka kawai? To me ya hana su dainawa tun gari na tsaye?"

Ta shiga sauke itacen da ta samo.

Yunwar bayan yaƙi ta fi ta lokacin yaƙi. Ganyen dankali da kabewa aka riƙa ci, Setsu na hawa jirgin ƙasa zuwa ƙauye tana musayar 'yan kayan aurenta da suka tsira da shinkafa, 'yan sanda na ƙwacewa a tasha in sun kama. Tokuji bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Tari ya kama shi a bukkar kwanon da suke ciki, ya tafi a hankali kamar yadda ya rayu. Kinu ta wanke shi da hannunta, tana yi masa faɗa ƙasa ƙasa a kan ya bar mata aiki.

Rikio ya dawo bayan fiye da shekara, daga wani tsibiri na kudu, a rame, idanunsa rawaya saboda zazzaɓi. Kinu ta ba shi kwanaki ya huta, sannan ta ce ya je ya karɓi shebur daga hannun matarsa. Ya je har ƙofar murhu. Da Setsu ta buɗe murfin, zafi da warin hayaƙi suka bugo shi, sai ya juya ya fita waje ya yi ta amai. Ya sake gwadawa washegari, haka ta sake faruwa.

"Inna, ba zan iya ba."

"Aikin da ka tashi a ciki?"

"Ba zan iya ba, Inna."

Ta dubi fuskarsa, ta ƙyale shi. Ba ta taɓa tambayarsa abin da ya gani a can ba, shi ma bai faɗa ba. Ya samu aikin yanka tikiti a motar haya ta gari, ya yi shi har ya tsufa. Kinu ta yi shekaru tana gunaguni cewa ta ba gwamnati ƙato ta dawo mata da kwandasta, amma ba ta taɓa faɗin haka yana wurin ba.

Ita da Setsu suka sake gina gidan wankan, bango ɗaya a wannan shekara, rufi a wata. Ogura ya zauna da su har ya samu rumfa a kasuwa ya koma gyaran laima da hannu ɗaya da rabi. Kinu ta rasu tana da shekara saba'in da 'yan kai, bayan gajeriyar jinya wadda ta cika da ƙorafi a kan abincin asibiti. Setsu ta riƙe gidan har lokacin da mutane suka fara gina wurin wanka a gidajensu, masu zuwa suka ragu sai tsofaffi, sannan ta sayar da filin. Shagon gyaran babura ne a wurin yanzu.